Yarinya da Madubin Kaka

A can wani zamani, an yi wata yarinya a bakin wani babban tafki. Yayanta ya ƙaura tsallake yana su, kewarsa ta hana ta sakat.

Ta jefa dutse a ruwa don ya san tana tunaninsa. Igiyar ruwa ta tafi, ta tafi, ta mutu a hanya. Ta ƙwala masa kira. Muryar ma ta tafi, ta tafi, ta mutu a hanya.

Kakarta ta ce, "Jikalle, haske ma igiya ne, kuma ya fi su sauri da nisan zango. Ungo madubina."

Kullum da hantsi sai yarinya ta tari rana da madubi, ta haska tsallake. Shiru. Ƙawayenta suka yi ta dariya, hannunta ya yi tsami, amma ba ta fasa ba.

Ran nan sai ga wani ɗan haske yana ƙyalli daga can nesa.

"Kaka, ya gani! Ya amsa!"

Tsohuwa, wadda idanunta suka daina hangen nesa, ta share hawaye ta ce, "Riƙe madubin da kyau, ki ce ina gaishe shi."