Ɗaki Biyu a Agege

Hafsatu tana durƙushe a tsakar gidan surukanta a Aliero, rana ta take, ƙasa na ƙuna a gwiwoyinta, amma zafin da ke cikin ƙirjinta ya fi wannan nesa ba kusa ba. Uwar mijinta, Inna, na zaune kan tabarma ta kau da kai. Mamuda, wan mijinta, yana tsaye yana kaɗa makullin mota a yatsa, mata maƙwabta sun leƙo ta katanga. 'Ya'yanta biyu, Ihsan da Iklima, sun maƙale a bayanta suna kuka ba su san dalili ba.

"Yaya, ka ji tsoron Allah!" ta faɗa. "Nan, bakin ɗakin ga, na miƙa maka kuɗɗin ƙunshe cikin ɗankwali... kai da kanka kac ce in kwantar da hankalina, gida ya samu!"

Mamuda ya yi dariya mai ciwo. "Ku ji min yarinya! Buhun garin gero kika ba ni, shi na kai ma Waliyyu. In kin kai ma danginki kuɗɗin gona sun cinye, ki faɗi gaskiya, kar ki shafa min."

Wayyo Hafsatu! Marainiya ce, uwa da uba duk sun rasu tun tana ƙarama, abin da suka bar mata kawai 'yar gonar albasa ce a fadamar Maiyama. Shekara takwas ke nan da aurenta da Waliyyu, amma idan aka haɗa kwanakin da suka yi tare ba za su cika shekara biyu ba. Shi yana can Legas yana sauke buhunan albasa daga manyan motoci, yana kwana a rumfar kasuwa tare da 'yan uwansa 'yan dako, sai da sallah yake zuwa ya yi kwana goma ya koma. Duk ranar Lahadi yakan bi unguwa-unguwa yana neman ɗaki biyu da zai iya biya, ya kira ta da yamma ya ba ta labari. Wani gidan ruwa ke shiga har gwiwa idan an yi sama. Wani banɗaki ɗaya ne ga mutum talatin. Wanda ya yi kyau kuwa sai a ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule, ga na dillali, ga na takarda, abin da ko ya shekara uku yana dako bai tara ba. Ita kuma takan riƙe wayar a kunne ta lumshe ido, tana ganin kanta tana shanya kayan yara a wani tsakar gida da ba ta taɓa gani ba, tana jiran sallamar mijinta da magariba kamar kowace mace.

Ana haka Mamuda, wanda ke rakiyar motocin albasa tsakanin Aliero da Legas, ya zo da albishir. Ya ce akwai wata dattijuwa a Agege mai ɗaki biyu da madafa da famfo, da rahusa, amma shi kaɗai ya san ta, kuma sai an hanzarta. Hafsatu ba ta yi dogon tunani ba. Ta je Maiyama ta tsaya a bakin gonar mahaifinta ta yi kuka har ta gaji, sannan ta sayar. Ranar da ta miƙa wa Mamuda kuɗin, Inna ta tafi bikin suna a Jega, babu kowa a gidan sai ita da Allah. Ina za ta kawo a ranta cewa wan mijinta, uban 'ya'yanta na biyu, yana bukatar shaida?

Inna ta juyo a karon farko. "Hafsatu, ɗana na fari kika kira ɓarawo gaban mutane? Tattara ki tahi Maiyama. In Waliyyu ya zo ku ƙare can."

Da yamma ta kira mijinta. Tana jin ƙarar motoci daga can. Da ta gama ba shi labari ya ce a hankali, "Hafsatu... Yaya ne fa. Shi yar riƙe ni bayan rasuwar Baba. Ban san mi zan ce ba." Bai zage ta ba, bai sake ta ba, amma da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Daga ranar kiran Lahadi ya fara gajarta, ya koma tambayar lafiyar yara kawai, ba a ƙara maganar gida ba.

A Maiyama ta sauka gidan ƙanen mahaifinta, Baba Ɗahiru, wanda dama yana jin haushin ta sayar da gonar ga bare. Ya ba ta wani tsohon ɗaki da ake ajiye ƙaiƙayi a ciki. Damina ta faɗi, rufin ya riƙa zuba, ta jera kwanuka tana tarar ruwa, yaran suna takure a lungu ɗaya. Domin su ci, sai ta shiga aikin ƙwadago, tana tsinke ganyen albasa tana ware ruɓaɓɓu a rumbunan mutane. Abin da ya fi ƙona mata rai, wata rana aikin ya kai ta ga albasar da aka noma a gonar mahaifinta! Ta ɗauki guda ta riƙe a tafin hannu, hawaye ya ɓalle mata, matan da ke gefe suna zunɗe suna cewa ai ga wadda ta cinye gonar ubanta ta laƙa wa wan miji. Iklima kuma ta kwanta zazzaɓi sati biyu, a cikin zafin ciwo tana kiran Baba, Baba. Ihsan ta taɓa tambayarta, "Umma, gidanmu na Legas ɗin ya ɓace ne?" Ta jawo ta ta rungume. Bayan kowace salla takan ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, ban roƙe Ka ka saka min ga kowa ba... Ka haɗa ni da mijina da ɗiyana ƙarƙashin rufi guda, ko da ɗaki guda ne, Ka wanke ni a idonai."

Haka aka yi wata goma sha ɗaya.

Shi kuwa Waliyyu, zuciyarsa ba ta taɓa natsuwa ba. Bai daina yawon Lahadi ba, ko da yake ya san aljihunsa bai kai ba. Ƙafarsa ce kawai ta saba. Wata Lahadi wani mai sayar da shayi ya kwatanta masa wani gida a Agege, ya ce mai gidan na shirin korar 'yan haya. Ya je ya yi sallama. Wata dattijuwa ta fito da carbi a hannu, Hajiya Balaraba, haifaffiyar Legas amma kakanninta fataken goro ne daga Jega. Ta dube shi sama da ƙasa.

"In kai ma gwauro ne ka koma. Ni iyali nake ba wa gidana, shi ya sa na karya kuɗin. An riga an cuce ni sau ɗaya."

"Wa ya cuce ki, Hajiya?"

"Wani mutumin Aliero! Bara ya zo nan har da hawayensa, wai ƙanensa na kwana a kasuwa, matar ƙanen marainiya ce, ta sayar da gonar ubanta don su zauna tare. Wallahi tausayin yarinyar nan ya sa na ƙi masu ba ni ninki biyu. Ashe ƙarya yake! Ya cika min ɗakuna da 'yan dako goma sha biyu, yana karɓar kuɗin kwana a hannunsu duk sati. Kullum na ce ina amaryar gidan, sai ya ce tana tafe."

Waliyyu ya dafa bango. "Hajiya... mi as sunanai?"

Ta shiga ta ɗauko takardar haya ta miƙa masa. Ga sa hannun Mamuda, ga kwanan wata, kwana huɗu bayan an sayar da gonar Maiyama. A layin masu zama an rubuta da biro: Waliyyu da matarsa Hafsatu, da yara biyu. Innalillahi! Ya zube a wurin ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa, yana faɗin, "Ni ne Waliyyu, Hajiya... ni ne! Na cuci baiwar Allah, na bar ta ita kaɗai!"

Hajiya Balaraba ba mace ce da ake wasa da ita ba. Ranar da motar Mamuda ta iso, ta sa aka kira shi gaban shugabannin 'yan albasa, ta ajiye takardar, 'yan dakon nan goma sha biyu suka ba da shaida ɗaya bayan ɗaya. Ya fara rantsuwa, ya koma kame-kame, daga ƙarshe ya sunkuyar da kai. Aka tilasta masa ya sayar da ƙaramar motarsa ya biya har abin da ya tatsa a hannun 'yan dakon, aka kuma hana shi rakiyar kaya. Labari ya riga shi isa Aliero. Babu manomin da ya ƙara damƙa masa ko buhu guda.

Inna da kanta ta hau babur ta je Maiyama. Ta tarar da Hafsatu tana wankin yara, ta tsaya a kanta ta ce, "Ɗiyata, ki yafe min... na kore ki da gaskiyarki." Hafsatu ta tsame hannu daga kumfa ta riƙe na tsohuwar, su duka biyu suna kuka. Ta ce, "Na yafe, Inna. Allah shi yafe muna baki ɗaya."

Bayan sati biyu, motar da ta taso daga Jega ta sauke su a Legas da hantsi. Waliyyu na tsaye a tasha tun asuba. Da ya gan ta, ya ga yadda ta rame, sai ya ɗauki Iklima ya ɓoye fuskarsa a kafaɗar yarinyar. Hajiya Balaraba ta sa an wanke ɗakunan an shafe su da fenti, ta ce shekarar da ta wuce ba ta cikin lissafi, daga yau hayarsu ta fara. Ta tarbe su a ƙofa tana cewa, "Yau dai ga amaryar gidan! Shigo, 'yata, na daɗe ina jiran ki."

A bakin ɗaki Waliyyu ya tsaya, ya ciro makulli ya sa a tafin hannunta, ya rufe da nasa hannun. "Hafsatu, ban da bakin ba ki haƙuri. Ranar da kika fi bukata ta, shiru na yi."

Ta dube shi hawaye na gangarowa, ta ce, "Ya wuce. Amma in an ƙara kawo maka magana a kaina, ka tambaye ni ka ji."

"Na yi alkawari."

Ta juya ta zura makullin, ya ƙi shiga sai a karo na biyu. Ƙofar ta buɗe. Ta yi bisimilla ta sa ƙafar dama, yaran suka kutsa ta gefenta da gudu suna gardamar wa zai kwana kusa da taga. Waliyyu ya shigo da buhun kayansu a kafaɗa, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya ce, "Ina za a aje wanga?"

Hafsatu ta share ido da bakin mayafi, ta dubi kusurwoyin ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna masa wuri.