Baffan Aro

Ranar da suka fara haɗuwa faɗa ta yi masa, kuma har yau ba ta ba shi haƙuri ba.

A wani falo ne da kamfani ya ara don ɗaukar fim. Sabuwar ma'aikaciya ce, aikinta sa ido kada komai ya sauya tsakanin ɗauka da ɗauka: in kofi yana hannun hagu kafin hutu, a hagun zai dawo. Da alli take zana mazaunin kowane abu a ƙasa, shi ya sa aka laƙaba mata Mai Alli. Ta fita shan ruwa ta dawo, sai ta tarar da wani dogon saurayi ya janye kujerar da ta sha wuyar saitawa, ya harɗe a kai yana latsa waya.

"Malam, tashi," ta ce. "Kujerar nan tana cikin fim, kai ba ka ciki. Mayar da ita kan alamarta."

Darakta ya kama tarin ƙarya. Saurayin ya miƙe ya mayar da kujera, har da durƙusawa yana duba allin.

"Ta zauna, ranki ya daɗe?"

"Ta ɗan karkace."

Sai da ya fita aka raɗa mata cewa Furodusa ne, shi ya ɗauke ta aiki. Ta ce to ai shi ya kamata ya fi kowa sanin darajar kujerar. Da yamma saƙo ya shigo wayarta:

"Kujera tana gaisuwa. Daga yau sunanki Idona, tunda nawa biyun ba su ga alli ba."

Ta mayar masa: "Yallaɓai, gobe ka zo da taka kujerar."

Ya zo da ita kuwa, har guda biyu.

A kan kujerun nan biyu soyayya ta kama su. A nan ta ji labarinsa. Maraya ne, ƙanin mahaifinsa ya rene shi, wani mai ɗinkin kujerun mota da yake kira Baffa. Da naɗe wayar lantarki ya fara a kamfanin, ya koma riƙe fitila, ya koma neman wuraren ɗauka, har ya zama mai tsara fim tun daga labari har zuwa allo. Ba ya barin komai ga sa'a. In labari ya ce ruwan sama, ba ya jiran hadari, motar ruwa yake kira. In jarumi ya ƙi zuwa, yana da wani a ajiye. Wannan hali shi ya ɗaga shi har aka ba shi shugabancin kamfanin gaba ɗaya, da ofis mai sanyi da direba. Kuma wannan halin ne ya kusa kai shi ƙasa.

Ya taɓa kai ta gaida Baffa. Tsohon yana da i'ina mai nauyi, kafin kalma ɗaya ta fito sai jijiyar wuyansa ta tashi. Amma da ya samu ya ce mata "'yata", sai da ta ji ƙwalla. A bangon ɗakinsa ta ga babbar riga fara an goge an rataye cikin leda. Baffa ya nuna rigar, ya nuna ta, ya yi dariya. Ta gane ta zuwa gidansu ce.

Matsalar tana gidan nasu. Babanta mai gyaran agogo ne, mutum mai magana ɗaya.

"Ban tilasta ki ba, ga ɗan abokina likitan haƙori nan in kina so, in ba kya so shi ke nan," ya ce. "Amma mutumin da sana'arsa ita ce ya sa a yi kuka ba a ji ciwo ba, ta ina zan san ranar da yake faɗa min gaskiya?"

Likitan ya yi ta sintiri da kwalayen turare, hirarsa ba ta wuce dasashi. Ita kuwa ta yi ta lallashin Baba, Mama na tayawa, har ya sauko ya ce a turo manya ya ji ta bakinsu.

"Idona, ki kwantar da hankalinki," Furodusa ya rubuto mata. "Na tsara komai."

Da ta san me yake nufi da tsarawa, da ba ta tura masa hoton zuciya ba.

Ranar zuwan manya tana kicin tana haɗa shayi. Ta ɗauko tire ta nufo falo, zuciyarta cike da tausayin Baffa, tana addu'ar Allah ya sassauta masa harshe. A bakin labule ta tsaya cak. Wata murya ce ke tashi, mai kauri, mai santsi, ba ko tuntuɓe:

"Ba mun zo mu raba ka da 'yarka ba ne. Mun zo ne mu ƙara maka ɗa, mu roƙi a buɗe mana ƙofar da ba mu isa mu tura ba."

Leɓunanta suka ci gaba da maganar kafin mai muryar ya ƙarasa. Ta haddace ta tsaf. Ai ita ta zauna da allinta ranar da aka ɗauki wannan fitowa a sabon fim ɗinsu da bai fita ba tukuna, aka yi ta maimaitawa har rana ta karkata.

Ta leƙa. Tsohon ɗan wasan nan ne da Furodusa ya tono daga wasan rediyo, wanda ba wanda ya san fuskarsa. Ga shi zaune a kujerar baƙi, sanye da shuɗiyar rigar ɗakin kayan kamfani, wadda ita da hannunta ta ɗinke wa aljihu. Furodusa na gefe a ƙasa ya sunkuyar da kai kamar na Allah. Babanta kuwa, mutumin da bai taɓa yarda agogo ya yi masa ƙaryar minti ɗaya ba, yana ta gyaɗa kai, idonsa ya kawo ruwa.

Yadda ta ajiye tiren ba tare da ta watsa wa wani shayi ba, Allah kaɗai ya sani.

Bayan sun tafi Baba ya kira ta. "Na zalunci yaron nan," ya ce. "Wanda dattijo irin wannan ya rena ba zai zama mutumin banza ba. Na ba su."

Mama ta rungume ta. Ita kuwa ta zame jikinta ta shige ɗaki.

Washegari ta wuce sakatariya ba ko sallama, ta tura ƙofar ofishin mai sanyi. Ya taso da fara'arsa.

"Idona, kin ga aiki ko?"

"Na gani, Yallaɓai. Ɗauka ɗaya, ba maimaici. Nawa ne kuɗin ɗan kallo? Don na ga ubana ka zaunar a layin gaba."

Fara'ar ta gudu. "Tsaya ki ji. Kin san Baffa. Babanki ya riga ya ƙi ni, dama ɗaya aka ba ni. In Baffa ya zauna ya kasa haɗa jimla fa? Tsoron rasa ki ne ya sa ni."

"Tsoron rasa ni ya sa ka mayar da falonmu wurin ɗaukar fim? Babana ya ce ɗan fim maƙaryaci ne, na tsaya na rantse masa ban da kai. Jiya a gabana ya ce ya zalunce ka, ka ji? Shi ne ma yake ganin ya zalunce ka. Shi kuma Baffa me ka ce masa?"

Ya kau da kai. "Na ce an ɗaga ranar."

"Rigarsa tana nan a leda ke nan. Mutumin da ya ɗinka kujerun mutane ya yi maka makaranta, yau bai ci jarrabawar zama baffanka ba. Wallahi ka ba ni kunya."

"Zan gyara. Zan sa a yanke fitowar daga fim ɗin, a cire fuskar ɗan wasan daga fosta. Ranar ɗaurin aure sai a ce ba shi da lafiya, Baffa ya wakilce shi."

Ka ji fa. Ana nuna masa rami, shi yana auna yadda zai shimfiɗa tabarma a kai.

"Wato har da na ajiya ka tanada," ta ce. "To ni ba a gyara ni a ɗakin tace fim. Ko ka ɗauko Baffa ku je ka faɗi gaskiya da bakinka, ko ka nemi wata ta hau matsayina, tunda ka iya."

"In na faɗa zai fasa ba ni ke."

"Na sani."

Ta san ɗin kuwa, shi ya sa ta yi kukanta a matakala inda ba mai gani. Tana sonsa, ba ta taɓa ɓoye wa kanta ba. Amma ta gwammace a hana ta shi da a ba ta shi a kan ƙarya.

Saƙonni suka yi ta shigowa. "Idona, ki ɗaga." "Na kasa aiki, na sa hannu a takarda a juye." Ba ta amsa ko ɗaya ba. A gida abin ya fi ciwo, don Baba ya ɗauki maganar buɗe ƙofar nan yana ta maimaita wa abokansa a shago. Likitan haƙori ma ya zo ya yi mata murna cikin mutunci, har ta ji haushin kirkinsa.

Ranar da ta yanke za ta faɗa wa Baba da kanta, saƙo ya zo, gajere:

"Na gaya wa Baffa. Ya sauke rigar. Muna hanya."

Ta laɓe a bayan labulen nan dai. Furodusa ya durƙusa a tsakar falo, ba riga ta aro, ba jawabi. Ya faɗi abin da ya yi a hargitse, yana haɗa farko da ƙarshe. Ba ta taɓa jin ya yi magana mara tsari haka ba, kuma ba ta taɓa sonsa kamar lokacin ba.

Fuskar Baba ta yi baƙi ƙirin.

"Wato wasa aka yi min," ya ce a hankali. "A gidana, da shayina. Na tafi shago ina raba wa mutane maganar da aka rubuta a takarda. Da fim ɗin ya fito, da yaran unguwa sun bi ni suna karanto min ita. Tashi ka bar min gida."

Furodusa ya yunƙura. Sai Baffa ya ɗaga hannu.

Ya buɗe baki, kalmar ta maƙale. Jijiyar wuyansa ta tashi, hannunsa na dukan gwiwa. Furodusa ya matso zai ƙarasa masa, Baba ya daka masa harara.

"Rufe mana baki. Ni sana'ata sauraro ce."

Aka jira. Agogon bango na ta bugawa. Da ƙyar, guntu-guntu, maganar ta fito:

"Ni... ni ma ya... ya ɓata min. Amma ni na... na rene shi. Tsoro ne da shi tun... tun yana ƙarami. Yarinyar... ta fi mu. Ina... ina roƙo."

Ya sunkuya zai durƙusa da farar rigarsa. Baba ya yi wuf ya tare shi.

"Haba, ɗan'uwa, kada ka ɗora min alhaki." Ya daɗe yana kallon tsohon, sannan ya juya ga Furodusa. "Kana da wannan a gida ka je ka yi aro? Kai dai an yi sakarai mai ofis." Ya ɗaga murya. "Ke, fito, tun ɗazu nake ganin ƙafarki. Kin sani?"

"Na sani, Baba. Na ce masa in bai faɗa ba na haƙura da shi."

"Da gaske za ki haƙura?"

"Da na haƙura, Baba. Amma da na sha wuya."

Baba ya ja dogon numfashi. "Alkawarin da na yi wa ɗan wasa na janye shi. Kai kuma ban ba ka ba, ka ji da kyau, har yanzu raina a ɓace yake." Ya kama hannun Baffa. "Kai na ba wa. 'Yarka ce, ka kai ta inda ka ga dama. In ya sake tsara mata wani abu ba da saninta ba, ni da kai za mu haɗu a kansa."

Baffa ya yi dariyar nan tasa, hawaye na bin gemunsa.

Fim ɗin ya fita ba a yanke komai ba, don Baba da kansa ya hana. Ya ce tsohon ɗan wasan ya iya aikinsa, kada a ci masa haƙƙi, kuma abokansa na shago gara su yi dariyarsu su gama.

Ranar ɗaurin aure tana ɗaki cikin ƙawaye, Mama na ta sa albarka, wayarta ta yi ƙara.

"Idona, an ɗaura. Da aka zo wurin karɓa, Baffa ya daɗe kafin kalmar ta fito. Jama'a cike, ba wanda ya yi tari. Babanki yana riƙe da hannunsa har ya ƙarasa. Ban tsara komai ba, kuka kawai na yi."

Ta share idonta a hankali don kada kwalli ya ɓaci, ta rubuta:

"Allah ya sa mana albarka, Yallaɓaina, ya bar mana tsofaffin nan. Ka taho da kujerun nan biyu. Na riga na zana musu wuri."