Ruwa a Tankin Dansou

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka bugo wa Sufeto Adande waya cewa tirela ta take wani ɗan acaba a tsakiyar tsohuwar gadar Kwatano. Da ya isa, an riga an lulluɓe gawar da zanin wata mai tallan burodi. Sunan mamacin Dansou, kuma babu wanda bai san shi ba a tashar acaba ta bakin kasuwar Dantokpa.

Direban tirelar yana zaune a gefen titi. Ya rantse babur ɗin yana tafe lafiya a gabansa, sai ya ga mai shi ya kai hannu ƙarƙashin tanki, babur ya yi tari ya mutu a tsakiyar hanya. Tirela mai ɗauke da siminti kuwa ba ta tsayawa don an roƙe ta.

Sufeto ya tsuguna ya duba inda Dansou ya kai hannu. Ɗan famfon mai ne, an murɗa shi zuwa rizab, inda babur ke zuƙar abin da ya kwanta a can gindin tanki. Ya sa aka kawo masa kwalba, ya cire tiyo ya tara. Abin da ya fara zubowa ba fetur ba ne. Ruwa ne garwaye-garwaye, mai ɗan launin rawaya, yana tashin tsami. Sai daga baya fetur ya biyo ya hau kansa.

Magana ba ta kwana a bakin 'yan acaba. Kafin Sufeto ya toshe kwalbar, labari ya kai tasha cewa man Dansou haɗi ne, kuma kowa ya san a teburin Maman Senami yake saye.

A nan ya tarar da su, 'yan acaba da rigunansu rawaya sun kewaye matar. Shekara da shekaru tana sayar da kpayo, man da ake tsallakowa da shi daga Najeriya a jarkoki a ɗura a kwalabe, da shi ta ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. A gaban taron akwai Fanou, abokin Dansou da suke raba babur ɗaya, kuma mijin ƙanwarsa. Idonsa ya yi ja, muryarsa ta fi ta kowa. Ya ce idan hukuma ba ta yi komai ba, ranar Asabar suna dawowa daga binne Dansou za su cinna wa teburin wuta, da mai shi idan ta tsaya.

Sufeto Adande ba mai yawan magana ba ne, amma yana da taurin kai irin na jakin da ya ga kogi. Ya ce musu matar tana hannunsa, duk wanda ya ƙyasta ashana kusa da kwalaben nan shi ma zai kwana a ofis. Ya tafi da ita, ya bar ɗan sanda yana gadin teburin.

Ba wai 'yan acaban mugaye ba ne, wahala ce ta kai su bango. Man na Najeriya ne, tallafin ma nasu ne, amma ranar da suka cire shi mu ne nan Kwatano muka fara jin raɗaɗin. Kwalbar kpayo ta ninka kuɗi, kuɗin acaba ya hau, fasinja suka koma tafiya a ƙasa. Gari da kifi da barkono, duk abin da sai an ɗauko shi a mota ya bi sahu. Mutumin da ya wuni a rana bai haɗa na cefane ba, neman wanda zai huce a kansa yake yi.

A ofis Maman Senami ta fara da ƙarya, ta ce ita rabonta da Dansou an jima. Sufeto ya ajiye mata kwalbar a gabanta. Ta dube ta, ta fashe da kuka, ta ce jiya ma ya sayi mai a wurinta, tsoro ne ya sa ta musa.

"To wannan ruwan daga ina?"

"Yallaɓai, don me kake tsammani muke sayarwa a kwalbar gilashi? Wane ɗan acaba ne zai bari a juye masa mai bai ɗaga kwalba ya haska a rana ba? Dansou har girgizawa yake yi. Ko ɗigo ɗaya ne na ruwa, a ƙasa zai gan shi."

Ya tambaye ta ko jarkokinta na shan ruwa a hanya, tunda ta tafki ake jawo su. Ta ce in ma sun sha, ruwan tafki gishiri-gishiri ne, ba ya tsami. Sufeto ya koma teburinta da kansa ya haska kwalabenta ɗaya bayan ɗaya, har da na ƙarƙashin tebur da ta so ta ɓoye. Duk garau suke. Ya ƙudura a ransa cewa matar nan ba za ta ƙone a kan laifin wani ba, ko da zai rasa barci har Asabar.

Daga nan ya nufi tasha ya ja Fanou gefe. Fanou ya bayyana masa yadda suke aiki, kamar dai sauran masu raba babur: Dansou ya yi safe, shi ya karɓa da azahar. Agogon mai ya daɗe da mutuwa, don haka suna da ɗan tsinke mai alama da suke tsomawa a tanki. Inda ka sami mai, nan za ka mayar da shi kafin ka miƙa makulli.

"Jiya ka cike har alama?"

"Har alama, Yallaɓai. A wurin matar nan na saya, da idona na ga ta juye."

"Ka haska kwalbar?"

Fanou ya ce gajiya ta sa bai haska ba. Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Ɗan acaban da bai haska kwalba ba a wannan tsadar, ba a haife shi ba tukuna. Sauran 'yan tashar kuma, da ya bi su da hira, suka ce Dansou mutum ne mai tsari, bai taɓa barin mai ya kai rizab ba, har tsokanar su yake yi da cewa mai tafiya a rizab da mai cin iri duk ɗaya ne. Sai dai a 'yan kwanakin nan shi ma ya fara jan mai har ƙarshe, don kuɗin safe ba ya isa ya ƙara a hanya.

Washegari da hantsi Sufeto ya je gaisuwa gidan Fanou a unguwar Akpakpa. Matarsa Ayaba, ƙanwar mamacin, tana tsakar gida da baƙin zani, tana tace ƙullun masara. Sana'arta ke nan, akasa take yi, wato agidi, tana naɗewa a ganye ta kai kasuwa, kuma ga baƙin makoki da za a ciyar. Fanou yana zaune a bakin ƙofa tare da wasu 'yan acaba da suka zo ta'aziyya.

Bayan gaisuwa Sufeto ya fito da kwalbar, ya miƙa wa Ayaba, ya roƙe ta ta shinshina abin da ke ƙasa. Ta tsiyayar da fetur ɗin, ta kai hanci.

"Wannan ai ruwan tsami ne, na jiƙon masara. Ga irinsa can a duro." Ta juya wajen mijinta. "Ba shi ka ɗiba a gora kwanakin baya ba, ka ce yana cire tsatsar sarƙa?"

Ta sake duban kwalbar, ta dubi Sufeto, ta tambaya a ina aka samo shi. Sufeto ya ji nauyin maganar, amma ya faɗa mata: a tankin yayanta.

Fanou bai gudu ba, bai kuma ƙara musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ranar ya yi yawo har magariba, abin da ya samu bai kai ya mayar da mai kan alama ba, ga gida babu ko gawayi. Kunyar Dansou ta hana shi faɗa. Ya san ruwa ƙasa yake kwanciya, tsinke kuwa ba ya bambance ruwa da fetur, kuma launin ruwan tsamin ya yi kama da kpayo. Sai ya cike da shi.

"Na ce gobe zan zubar in sa mai. Goben ta zo babu, ta sake zuwa babu. Ni dai na san yaya Dansou ba ya taɓa rizab. Wallahi na san ba ya taɓawa."

"Ita kuma matar da ka tara mutane za ku ƙone?" in ji Sufeto.

A nan ne ran Sufeto ya ɓaci, don talauci zai iya sa mutum ya zuba ruwa a tanki, amma ba shi ke sa shi ya nuna gwauruwa da yatsa ba. Ya ce wa 'yan acaban su koma tasha su faɗi abin da kunnensu ya ji, su kuma shaida wa kowa cewa Maman Senami za ta koma teburinta yau, kuma shi zai raka ta.

Ya sa wa Fanou ankwa. Ayaba ba ta yi kururuwa ba, ta zauna a ƙasa kusa da duron, hannuwanta duk ƙullu, tana kallon ruwan.

A bakin titi Sufeto ya ɗaga hannu neman babur da zai kai su ofis. 'Yan acaban da suka fito daga gidan suka tayar da baburansu, suka wuce ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yarda ya goya Fanou. Sufeto ya kama shi a hannu, suka kama hanya a ƙasa. Hanyar ofis kuwa ta kan gadar take bi.