Sunan da Aka Sayar wa Mutum Shida

"Sunanta kika kira, Nafissa. Sunanta na yanka."

Rashidu yana tsaye a ƙofar benen su Nafissa a unguwar University Heights, makullin tasi a hannu, sanyin Disamba na kaɗa shi amma ko a jikinsa.

"Wallahi ban san ita ba ce."

"Ba ki san ita ba ce... Saura wata biyu ɗaurin aurenmu, ki ɗauki waya ki ce wa mahaifiyata 'Raudatu ce?' Ba sallama, ba ina kwana. Ni da ta haifa ban taɓa furta sunan nan ba."

"To ai shi ya sa ban san shi ba. Kai Inna kake cewa, ƙannenka Inna, 'yan kasuwa Hajiya mai turare. A bakin wa zan ji shi?"

Takaici ya cika Nafissa. Wannan sana'a dai ta ishe ta. Shekara guda ke nan tana sayar da inshorar lafiya don kanta, ba ofis, ba oga, sai waya da kwamfuta a kan teburin cin abincin yayarta. Masu saye kuwa ba sa faɗowa daga sama. Wani kamfani ke tattara sunaye da lambobin mutanen da suka cike fom a intanet suna neman inshora, ya sayar. Mai araha shi take iya saye, wanda ake sayar wa mutum shida a lokaci guda, sai a yi ta rige-rige, wanda ya fara kira shi ke da ciniki.

Da farko takan tsaya gaisuwa, ya gida, ya yara, ya sanyi. Kafin ta gama da mutum ɗaya, sauran biyar sun kwashe na gaba. Kai, har ta koya wa bakinta rashin kunya: suna na faɗowa, ta danna, ta kira shi kai tsaye. Jiya da hantsi ya faɗo, Raudatu Hamidou, unguwar Harlem. Ta ce a ranta ai 'yar gida ce, ta yi mata Hausa. Sai wata murya da ta sani sarai ta ce, "Nafissa ce?" aka kashe.

"Inna ta ce su kawu su dakata da kawo lefe," in ji Rashidu, muryarsa ta yi ƙasa. "Nafi, ke ce zuciyata, kin sani. Amma ki gaya min, me ya kai lambarta hannunki? Inna ba ta neman inshora. Lafiyarta ƙalau."

Nafissa ta san ba haka ba ne. A ƙasan sunan akwai layin da ake rubuta dalilin nema, kuma ta karanta shi: ciwon suga, magani ya ƙare. Kalma biyar za ta faɗa ya fahimci komai.

"Ba zan iya gaya maka ba."

"Ni?"

"Kai ɗin."

Ya juya ya shiga mota, bai ko ce sai an jima ba. Ta tsaya nan hawaye na zubo mata, haushinsa take ji, haushin kamfanin, haushin bakinta.

Washegari ta kashe wayar aiki, ta sa mayafi babba, ta hau jirgin ƙasa zuwa titin 125th Street a Harlem. Shagon Inna ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da huluna, ƙamshin turaren wuta har bakin titi. Nafissa ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, kun tashi lafiya?"

"Lafiya."

"Ya sanyi? Ya kasuwa? Ya mutanen Maraɗi?"

"Yau kuma an tuna gaisuwa."

Nafissa ta sunkuyar da kai. Kafin ta ba da haƙuri, wayar Inna ta ɗauki ƙara a kan kantar shagon. Inna ta dube ta da tsana ta kife ta.

"Kin gani? Tun ranar da Akua maƙwabciyata ta cike min wannan abu, ban huta ba. Ina salla suna kira, ina ciniki suna kira. Kowa sai ya murɗe min suna da Turanci kamar tare muka yi wasan ƙasa. Na ce to, waɗannan ba su da iyaye. Sai kuma na ji ke."

"Ku gafarce ni, Inna. Sauri ne ya ja ni, ba raini ba."

Inna ta shiga jera kwalaben turare da suke a jere tun farko. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Abin da Akua ta rubuta... duk kin gani?"

"Na gani."

"Kin gaya masa."

"Ban gaya masa ba."

"Ya tambaye ki?"

"Ya tambaya. Ya tafi yana fushi da ni."

Sai a lokacin Inna ta juyo ta dube ta sosai. "Na ce a dakatar da lefenki, kina da abin da za ki wanke kanki da shi, kika yi shiru?"

"Sirrinku ne, Inna. Ba nawa ba ne."

Tsohuwar ta zauna a hankali a kan kujerar roba. Idanunta sun kawo ruwa, ta goge da gefen mayafi. "Yaron nan tun asuba yake bisa titi saboda auren nan. In ya ji, zai watsar da komai ya ce sai asibiti. Da na ji muryarki tsoro ne ya kama ni, na ce shi ke nan, yau zai ji. Sai na fake da suna."

"Inna, ciwon nan ba ya jiran biki. Ku bar ni in duba muku tsarin inshora da ya dace, yau ɗin nan. Amma shi ma ya kamata ya ji, daga bakinku."

"Ke dai akwai ki da kafiya."

Nafissa ta ciro kwamfuta ta ɗora a kan kwalin atamfa. Ta buɗe fom, yatsunta suka tsaya a layin farko. "Sai dai... dole in sa sunan."

"Hannunki ya rubuta, bakinki ya yi shiru."

Dariya ta kufce wa Nafissa tare da hawaye. Tana cikin rubutu wayar ta sake ɗaukar ƙara, wata baƙuwar lamba, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da ba sa gajiya. Wannan karon Inna ba ta kife ta ba. Ta miƙo mata.

"Ungo. Gaya masa da Turancinsu ya makara, ina da 'ya a wannan aikin. In kin gama, kira min Rashidu, ki ce ya zo ya kai mu asibiti, ni da amaryarsa."