Rubutun Da Ya Fito Da Kansa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyu a wata sakandare a Haɗeja. Ajinsu na haɗa littafi a kwamfuta don shiga gasa. Sun tattara sunayen kifaye da labaran masuntan Auyo, duk a cikin fayil ɗaya da ake iya buɗewa daga kowace kwamfuta ta makarantar.

Malam Shu'ibu, malaminsu na kwamfuta, ya ja musu kunne. "Idan za ku buɗe fayil, ku faɗa wa kwamfuta nufinku: karatu kawai, ko rubutu. Mai rubutu ya fara neman kulle, wato izinin yin rubutu shi kaɗai. In wani ya riga shi, ya jira."

Ranar Talata bayan an tashi, yarinyar ta zauna ita kaɗai a ɗakin kwamfuta. Hadari ya haɗo, ɗakin ya yi duhu. Ta nemi kulle, kwamfuta ta ce a jira.

"Wa zan jira? Ba kowa a nan," in ji ta. Ta goge umarnin neman kulle, ta buɗe fayil ɗin haka nan.

Ta rubuta sunayen kifaye: tarwaɗa, karfasa, kurungu. Da ta sake dubawa, karfasa ta ɓace. A wurinta an rubuta: "Ina cikin ruwa."

Ta waiga, kujeru ne kawai. Ta goge, ta sake dubawa, sai ga wani rubutun:

"Na yi kira, ba wanda ya ji ni."

Ta janye hannunta a hankali. Iska ta turo ƙofa. Ta fita da gudu, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba, sai ofishin malamai.

"Malam, akwai wani a cikin kwamfuta," in ji ta.

Malam Shu'ibu ya duba kwamfutar, ya ga daga ɗakin karatu aka riƙe kulle, sai ya kai ta can. Ga Mairam 'yar ajinsu a gaban wata kwamfutar, tana hawaye.

"Malam, labarin Baba Ahmed masunci nake shigarwa, na ranar da kwalekwalensa ya kife. Ni na riƙe kulle, amma wani yana ta goge min," in ji Mairam.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Malam. Ban jira ba."

"Wannan kullen ba ya tare wanda ya ƙi nemansa," in ji Malam. "Kun yi rubutu a kan juna. Shafi uku sun lalace."

Ranar Asabar yayan yarinyar ya kai su Auyo a babur, ita da Mairam, domin su sake jin labarin da ya lalace. Yarinyar ta ba Baba Ahmed haƙuri. Tsohon ya yi dariya, ya ajiye komarsa ta kamun kifi, ya maimaita musu labarin, har da ƙarin wani.

Littafinsu ya zo na biyu a gasar, ajin ya yi ta murna. Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa abin da jama'a ke amfani da shi tare, sai an nemi izini, kuma a jira har mai yi ya gama.