Fom Ɗin da Ya Kwana a Jakar Yaya

Ranar da shanyewar jiki ta kwantar da Inna, 'ya'yanta suka taru a falo, idon kowa a kan Amarya, matar Auta, wadda ke ajin ƙarshe a jami'a.

"Ke ce mai lokaci," in ji Yaya, babbar 'yar Inna. "Mu ma'aikata ne."

Auta zai yi magana, Amarya ta dafa hannunsa. "Zan jingine samista ɗaya. Inna ai uwata ce."

Dokar jami'ar a fili take. Wanda ya kai fom ɗin janyewa ofishin rajistara kafin mako na shida ya ƙare, a ajiye masa gurbinsa. Wanda ya makara, a rubuta ya faɗi duk kwasa-kwasansa, kuma hukuncin irin wannan faɗuwa kora ne. A mako na biyar Amarya ta cike fom, shugaban sashe ya sa hannu ya buga hatimi. Ta isa wajen rajistara an tashi. Washegari jikin Inna ya tsananta, babu halin fita.

"Kawo," in ji Yaya. "Hanyar ofishinmu ce."

Wata huɗu Amarya tana juya Inna, tana wanke zanen gado, tana ba ta abinci da cokali. Sai ga takardar kora.

Auta ya tare Yaya a ƙofar ɗakin Inna. "Ina fom ɗin?"

"Yana jakata. Kuma ba mantawa na yi ba, ka daina mini wannan kallon. In ta koma makaranta, wa zai ɗauke wa Inna fo — kai? Zaɓi ɗaya, ɗan auta: uwarka ko bokon matarka."

"Duka biyun nawa ne, Yaya," ya ce.

Amarya ta ji komai daga kicin. Ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta kawo ruwan ɗumi, don lokacin goge wa Inna jiki ya yi.

Inna ma ta ji. Da hannunta mai motsi ta nuna Yaya, da ƙyar ta ce, "Jaka." Ta ƙi abinci sai da aka ajiye fom a cinyarta.

A keken marasa lafiya Auta ya tura ta har gaban kwamitin sauraron koke na jami'ar. Suka duba kwanan watan hatimi. Inna ta haɗa kalmomi biyar game da Amarya da Yaya: "Ita ta bayar. 'Yata ta..." Sauran kuwa, hawaye ne suka faɗa.

An mayar da Amarya, amma sai ta maimaita shekara guda. Ta gama, Auta na gefenta. Inna ba ta gani ba. Ta rasu saura wata biyu. Ranar bikin yaye ɗalibai, Yaya ce ta fara shiga hoto.

Haƙuri ya dawo wa Amarya da digirinta, bai dawo mata da Inna ba. 'Ya'yana, ku yi wa dangi hidima da zuciya ɗaya, amma takardar da makomarku ke rataye da ita, ku kai ta da ƙafarku, ku karɓi shaidar an karɓa.