Kik ɗin Motar Tafki

Kun dai san Orval Tveit da maƙo, matarsa ma ba ta ɓoyewa. Motarsa ta ƙi tashi, sai ƙas-ƙas take yi. Ya ƙwanƙwasa kik, abin da ke tayar da inji, da guduma sai motar ta tashi, ya gane kik ne ya lalace. Maimakon ya sayi sabo, sai ya je filin matattun motoci ya kwanto na wata mota da ƙanƙara ta rufta da ita bara tana tafiya a kan daskararren tafki, wadda har yau ba a ga direbanta ba.

Bayan abincin dare ya cire batir, ya ɗaga motar da jak, ya shige ƙarƙashi. Yana ɗaure noti sai warin laka ya cika garejin. Daga kwance ƙafafun wani mutum kawai yake hange, farare fat, ba takalmi, suna ɗigar ruwa.

Wata murya ta ce, "Maƙwabci, in murɗa maka makulli?"

"Kai, bari! Hannuna na ciki. Ai ma ba batir."

"Ni ma haka ya yi mini ranar. Ƙanƙara na tsagewa, shi yana ƙas-ƙas."

Jak ya sauka a hankali, ƙarfe ya danne ƙirjin Orval. Kusa da yatsunsa, kik ya ce ƙas.